Kogin da Aka Zuba a Buhu

Malam Nata'ala ya shekara talatin da ɗaya yana koyar da tarihi da labarin ƙasa, sha biyu daga ciki a wata ƙaramar makarantar sakandare da ke cikin lungunan Zongo, a Lome. Duk wanda ya taɓa zama ajinsa ya san rubutunsa na allo. Yakan fara daga kusurwar sama da ƙananan haruffa a miƙe, ya cika allon har ƙasa, ya goge, ya sake cikawa, yara suna biye da shi da biro. Ba ya duba littafi. Komai yana cikin kansa.

Wata Asabar cikin watan Oktoba, bayan ruwa ya wuni yana zuba, ya hau tsani zai gyara indararon ɗakin matarsa Aïssa. Ƙasa ta jiƙe, ƙafar tsanin ta zame, ya faɗo a kan kafaɗarsa ta dama. A asibiti aka ɗaure hannun aka rataye masa a wuya, likita ya ce wata biyu kada ya kuskura ya ɗaga shi.

Shugaban makarantar, Malam Iddi, ya zo gaishe shi washegari. Bayan sun gaisa ya ce zai nemo wanda zai riƙe masa 'yan aji huɗu, tunda su ne masu rubuta jarrabawar BEPC a ƙarshen shekara.

"Hannu ne ya karye, baki yana nan," in ji Malam Nata'ala. "Ka bar mini yarana."

"To wa zai yi maka rubutun allo?"

"Auta za ta buga mini darasin a takarda, a raba musu su kwafa."

Autar ita ce Bilkis, 'yarsa ta ƙarshe, mai shekara ashirin da uku. Ta gama koyon aikin sakatariya a wata cibiya da ke Amoutivé, ta kai takardun neman aiki wurare da dama, wata biyar ke nan tana zaune gida ba wanda ya kira ta. Tana da wata tsohuwar kwamfuta da yayanta ya aiko mata daga Kumasi. Da ta ji abin da mahaifinta ya ce, kafin baƙon ya gama shan ruwansa har ta ɗauko ta tana goge mata ƙura.

Malam Iddi ya amince, amma ya ce injin fotokofin makaranta ya tsufa, takarda kuma ba ta da yawa. Ɗalibai hamsin da huɗu ne, uku-uku a kan benci. Abin da zai iya shi ne takarda ɗaya ga kowane benci, su duba su kwafa a kayensu, wato littafin rubutu.

Ranar Litinin bayan la'asar suka zauna a baranda. Malam yana faɗa da Faransanci, idonsa a rufe kamar mai karatun hadda, Bilkis tana bugawa. Darasin a kan kogunan Togo ne da abin da ake nomawa a kowane yanki. Can ta tsaya.

"Baba, in raba nan? Maganar koguna ta ƙare, ka shiga ta noma."

"Kada ki raba komai. Shafi ɗaya nake so. Ki matse shi ya shiga."

"Haruffan za su yi ƙanana fa."

"Idonsu sabo ne."

Ta rage girman haruffan har sau biyu, ta cinye gefen takardar, darasin ya shige shafi ɗaya cif, layi sittin da biyu, babu ko gurbin da za a sa yatsa. Malam ya ɗaga takardar da hannun hagu ya dube ta, ya ji daɗi. Haka allonsa yake kasancewa.

A aji kuwa abin bai zo da sauƙi ba. Kowane benci kawuna uku ne a haɗe a kan takarda ɗaya. Na tsakiya yana gani sosai, na gefe sai sun karkata wuya. Yaro zai karanta kalma biyar, ya sunkuya ya rubuta, in ya ɗago sai ya tarar wurin ya ɓace masa. Wasu suka sa yatsa a kan layi, to amma yatsu uku ne a takarda ɗaya, kuma ba gudu ɗaya suke yi ba. Aka yi ta ƙananan rigingimu. Awa ta cika wasu ba su kai rabi ba, bayanin da Malam ya shirya yi bai samu lokaci ba. Wata yarinya mai suna Umaima, wadda ta fi kowa natsuwa a ajin, ta kifa kai a kan benci ta ce kanta ke ciwo.

Sati biyu ana haka, sannan ya yi musu ƙaramar jarrabawa. Da yake ba ya iya riƙe jan biro, Bilkis ce ke karanta masa amsoshin a baranda, ya faɗi maki ta rubuta. Aïssa tana gefe a kan tabarma tana tsince wake. An yi kusan takarda ashirin, sai Bilkis ta ɗauko ta wani yaro mai suna Ikrima, ɗan wani direban babbar mota, yaro mai ƙoƙari da yawan surutu. Ta duba, ta rufe baki da hannu.

"Karanta mana," in ji Malam.

Ta karanta da Faransanci, dariya ta hana ta ƙarasawa. Aïssa ta ce a gaya mata da Hausa ita ma ta ji.

"Inna, tambayar ita ce a yi bayanin kogin Mono. Shi ne ya rubuta: Kogin Mono yana tasowa daga tsakiyar ƙasa, idan ya nuna sai a fasa shi, a shanya shi a rana, a zuba shi a buhu a kai tashar jiragen ruwa."

Aïssa ta ajiye faifan wake. Ta yi dariya har hawaye ya zubo mata, ta ce ita dai a sayo mata buhu biyu ta ajiye saboda ranar da famfo ya ɗauke. Malam ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, gemunsa yana rawa, daga baya shi ma ya saki, yana dafe kafaɗa don dariyar tana taɓa masa ciwon.

Washegari ya karɓi kayen Ikrima ya zo da shi gida. Bilkis ta ajiye shi kusa da takardar da ta buga, ta bi layi-layi. A nan ta gano abin da ya faru. Akwai layi biyu da suka fara da kalmomi iri ɗaya, tsakaninsu layi tara. Idon yaron ya tsallaka daga na farkon zuwa na biyun, daga maganar kogi ya faɗa maganar koko, wanda ake yin cakulan da shi. Ya kwafa haka, ya je gida ya haddace haka. Da aka tattaro sauran kayen, sai ga yara sha ɗaya da irin wannan giɓin, kowa a wurinsa.

"Rashin kula ne," in ji Malam. "Mai hankali zai kwafa cewa ana shanya kogi bai tsaya ba?"

"Baba, ai lokacin da yake kwafa ba karatu yake yi ba. Neman layi yake yi. Duk hankalinsa yana can."

"Mu da muka kwafi littafi sukutum a zamaninmu?"

Bilkis ba ta ja da shi ba. Ta ɗauko wani tsohon kaye da biro ta ajiye a gabansa, ta sa takardar a gefe, a karkace, yadda yaron da ke bakin benci yake ganinta.

"Gwada layi goma kawai, Baba. Da hagu. Ba kyawun rubutu za mu duba ba."

Ya dube ta ta saman tabarau, ya ɗauki biron. Rubutun ya fito kamar tafiyar kaza, wannan kam an san da shi. Amma a layi na huɗu ya tsaya yana lalube. A na shida ya sake tsayawa. Da ya ce ya gama, Bilkis ta karanta musu: ya rubuta layi na bakwai sau biyu, na takwas kuma babu shi.

"Me layi na biyar ya ce, Baba?"

Ya dubi kayen da ke gabansa. Maganarsa ce, shi ya faɗe ta da bakinsa, amma bai san wacce ce ta biyar ɗin ba, kuma bai tuna ya rubuta ta ba.

Aïssa, wadda ta shekara ashirin tana sayar da atamfa a kasuwar Assiyéyé kafin gwiwa ta zaunar da ita, ta karɓi takardar ta juya ta.

"Ni ban yi boko ba, Malam, amma da haka nake zube atamfa tuli guda a rumfa, da ba wanda zai tsaya. Mai saye zai gaji da tono tun bai ga wadda yake so ba."

Malam ya karɓi takardar ya sake dubawa. Can ya ce, "To Auta, yi yadda kika iya. Zan roƙi Malam Iddi a buga gaba da baya."

Bilkis ta daɗe tana jiran ranar da za a ce ta nuna abin da ta koya, don haka ba ta rage komai ba. Ta sa babban kai a sama. Ta yanka darasin gunduwa-gunduwa, ta zuba kowane a akwati. Ta cire dogayen jimloli ta bar kalmomi biyu-uku a layi, kowanne da ɗigo a gabansa. Muhimman kalmomi ta yi musu baƙin rubutu mai kauri, ta ja kibiyoyi daga wannan akwati zuwa wancan. Takardar ta yi kyau kamar tallan kamfanin waya.

Ranar da aka raba ta, ajin ya ɗauki hayaniyar murna. Babu mai sa yatsa, babu mai ture ɗan'uwansa. Cikin minti sha biyar kowa ya gama, har masu jan layi da rula suna ƙawata akwatunansu. Umaima ba ta sake cewa kanta na ciwo ba. Ikrima ya ɗaga hannu ya ce a gaishe musu da wanda ya buga wannan takarda, Allah Ya ba shi Aljanna.

"Mace ce," in ji Malam.

"To Allah Ya ba ta Aljanna da mota."

Malam ya kawo saƙon gida kamar yadda aka ba shi, ya kuma tsaya a hanya ya sayo wa Bilkis wagashi soyayye, cukwin da take so tun tana ƙarama. Sati biyu gidan yana cikin wannan daɗi. Kayen yara suka yi tsaf, babu giɓi ko ɗaya.

Ranar wata Alhamis Malam ya ce a rufe kaye, zai yi tambaya da baki.

"Me ya sa ake noman koko a wajen Kpalimé, ba a yi a Dapaong can arewa? Ikrima."

Ikrima ya miƙe da ƙarfin gwiwa. "Koko. Gahawa. Kpalimé. Duwatsu. Ruwan sama."

"Duk daidai ne. Haɗa mini su."

"Koko, gahawa..."

"Na ji su. Me duwatsu suka yi wa ruwan sama? Me ruwan sama ya yi wa koko?"

Ikrima ya dubi rufin aji. Ya ce ya tuna akwai kibiya a tsakaninsu, kuma ta kalli dama. Aka yi dariya, amma da Malam ya zaga da tambayar, benci bayan benci, abin da ya samu ke nan: kalmomin akwati a jere, babu abin da ya riƙe su. Umaima ce kaɗai ta amsa da cikakkiyar magana. Ya tambaye ta me ya sa take ganin sauran suka kasa. Ta ɗan yi jim, don ba ta son a ce ta kushe aikin wani.

"Malam, takardar tana da sauƙi ne ƙwarai. Hannu yana kwafa shi kaɗai. Kana iya gamawa kana tunanin wani abu daban."

Da ya gaya wa Bilkis da yamma, ranta bai yi daɗi ba. Ta ce an ce ta matse, ta matse, an ce laifi. An ce ta buɗe, ta buɗe, yanzu ma laifi. Ta tashi ta shige ɗaki.  Da aka kawo abinci ya kira ta, ya ce ba zai iya ɓare kifin nan da hannu ɗaya ba. Tana ɓare masa ya ce:

"Gobe ki bi ni makaranta. Ni ina gaba, ba na ganin abin da ke faruwa a kan benci. Ke ki zauna cikinsu."

Da safe suka tafi tare a ƙafa, tana riƙe masa jaka. Ya gabatar da ita ga ajin, Ikrima ya jagoranci tafi. Ta zauna a bencin Umaima, a baya kusa da taga. Aka raba takarda. Bilkis ta ga abin da mahaifinta ba ya gani. Yara biyu a gabanta suna kwafa suna gardamar ƙwallo a hankali, biron bai tsaya ba, gardamar ma ba ta tsaya ba. Wata tana kwafa tana kallon mai tallan lemo ta taga. Kowa hannunsa na aiki, fuskarsa a sake.

Umaima ta gama nata kwafin kamar kowa. Daga nan ta juya bayan kayenta, ta kife takardar, ta shiga wani rubutun a hankali, tana tsayawa tana cizon biro. Bilkis ta leƙa. Jimloli ne cikakku, Faransanci da Hausa a gauraye, da goge-goge da yawa.

"Wannan fa na mene ne?" ta tambaye ta ƙasa-ƙasa.

"Na kakata ne, Anti. Ba ta gani yanzu. Kullum in na koma sai ta ce in ba ta labarin abin da aka koya mana. In na ce mata koko, duwatsu, ruwan sama, sai ta ce wannan ba labari ba ne, kayan miya ne. Shi ya sa nake shirya yadda zan faɗa mata tun a nan."

"Ba ya ba ki wahala?"

"Yana ba ni. Amma wanda na rubuta a nan ba na mantawa."

A hanyar komawa gida Bilkis ta yi ta magana, mahaifinta yana saurare. Ta ce takardar farko ta cinye ƙarfin yara wajen neman layi, ta biyu kuma ba ta bar musu aikin komai ba, ta tauna musu ta haɗiye musu. Abin da ake so shi ne ido ya huta, kai ya yi aiki.

"Sai ka ce ke ce malamar," in ji shi.

"'Yar malam ce dai."

Takarda ta uku ta ɗauke su kwana biyu. Kowane sashe suka fara shi da tambaya a matsayin kai. Ƙarƙashinta jimla uku ko huɗu cikakku, da haruffa masu girma, sai fili, sannan sashe na gaba. Bilkis ta sa wa sassan lamba don na gefen benci ya riƙa gane wurinsa. Akwatuna da kibiyoyi duk ta cire. Sun yi gardama a kan baƙin rubutu: ita tana son kalma uku a kowane sashe, shi ya ce ko ɗaya. Aïssa ta raba su, ta ce a sa ɗaya kowa ya yi haƙuri. Wahalar da ta fi ita ce ta Malam, don dole ya gajarta maganarsa, shi kuwa kowace jimla tasa ji yake kamar 'yarsa ce. Bilkis za ta karanta masa sashe, ta ce ya yi tsawo. Ya ce babu abin cirewa. Ta janye hannu daga kwamfutar ta ɗora a cinya. Sai ya yi tsaki ya ce to cire ta biyun.

A aji ya kafa sabuwar doka. Benci zai karanta sashe ɗaya sau biyu, a kife takardar, kowa ya rubuta amsar tambayar da kalmominsa. Wanda ya manta yana iya buɗewa ya duba, amma sai ya ajiye biro tukuna. Sunayen wurare da shekaru ne kawai aka yarda a kwafa kai tsaye.

Ba a yi murna ba. Ranar farko aka yi ta nishi. Ikrima ya ɗaga hannu.

"Malam, a dawo mana da ta akwati. Wannan tana gajiyar da mutum."

"Ina take gajiyar da kai? Ido ko wuya?"

Ikrima ya yi tunani da gaske. "A'a, ido lafiya lau. Nan ne." Ya dafa goshi.

"To nan ɗin muka zo nema. Zauna."

A sati na biyu nishin ya ragu. Wata sabuwar hayaniya ta maye gurbinsa, don in an gama sashe 'yan benci sukan leƙa na juna su ga kowa yadda ya faɗi abin, a yi ta musu a kan wanda ya fi daidai. Malam yana zagawa da hannunsa a rataye, yana tsayawa nan da can. Ya lura babu kaye biyu masu kama da juna. Wani yana jan layi ƙarƙashin tambaya, wata tana barin gefe don ƙarin bayani, wani yana zana ƙaramar taswira. Ikrima da kansa ya dawo da kibiyoyi, amma yanzu a kan kowace kibiya yana rubuta dalilinta.

Shi ma Malam abin ya kama shi. Ya saba da cewa "sabon layi" idan yana yi wa Bilkis shifta, har ya fara yi a hirar gida bai sani ba. Wata safiya yana gaya wa Aïssa cewa ƙaninsa zai zo daga Kodjoviakopé ranar Lahadi, sai ya ce, "Sabon layi. A dafa da shi." Aïssa ta ce to, ita ma tana da nata sabon layin: gawayi ya ƙare.

Jarrabawa ta gaba, Bilkis ta karanta masa takardu hamsin da huɗu a zama biyu. Ba kowa ne ya yi abin kirki ba. Akwai shida da har yanzu suke baya sosai, Malam ya sa ta rubuta sunayensu don ya zauna da su daban. Akwai kuskuren Faransanci da yawa, fiye da lokacin da suke kwafa kalma da kalma, wannan kuma ya dame shi, ya ce sai ya yi magana da malamar Faransanci. Amma amsoshin suna da kai da ƙafa. Ikrima ya cika rabin shafi a kan dalilin da ya sa arewa ta fi dacewa da auduga, har ya ƙara da abin da mahaifinsa yake gani a hanyar Dapaong. Malam ya sa aka karanta masa sau biyu.

"Ba shi sha shida cikin ashirin."

"Baba, kai da ba ka wuce sha huɗu?"

"Rubuta kafin in canza ra'ayi."

Malam Iddi ya shigo ajin wata rana ya ɗauki kaye uku ya duba, ya nemi ganin takardar da ake rabawa. Bayan kwana biyu ya aiko a kira Bilkis ofishinsa. Malamin kimiyya da na lissafi suna son a riƙa shirya musu irinta, ya ce ko za ta riƙa zuwa kwana uku a mako. Ta ce za ta zo, amma da sharaɗin a bar ta ta zauna a kowane aji sau ɗaya tukuna ta ga yadda yaran suke rubutu, don lissafi ba labarin ƙasa ba ne. Da ta dawo gida da labarin, Aïssa ta yi guɗa, maƙwabta suka leƙo suna tambaya ko an sa rana ne.

Ƙarshen watan Nuwamba Malam ya nemi izinin fita da ajin. Kogin Zio bai da nisa da su, yana wucewa ta Togblékopé, amma da ya tambaya sai ya tarar yara fiye da talatin ba su taɓa tsayawa a bakinsa ba, sai dai su hango shi daga mota a kan gada. Mahaifin Ikrima ya samo musu bas biyu wurin abokansa. Ranar Asabar da hantsi suka tafi, kowa da kayensa da biro, iyaye mata sun haɗo su da kuloli na shinkafa da wake.

Ruwan yana da yawa, ja-ja, yana tafe a hankali tsakanin ciyayi. A ƙarƙashin wata bishiya suka tarar da wani tsoho yana gyaran komarsa. Malam ya gaishe shi da yaren Mina, ya roƙe shi ya gaya wa yaran abin da ya sani game da kogin. Tsohon ya ce shi bai yi makaranta ba. Malam ya ce ai shi ya sa aka zo wurinsa.

Ya fara da ɗari-ɗari, daga baya bakinsa ya buɗe. Ya nuna musu inda ruwa yake kaiwa a shekarar ambaliya, ya lissafa kifayen da ake kamawa da waɗanda suka yi wuya yanzu, ya faɗi watan da masu lambu suke dasa alayyafo a gaɓa. Waɗanda ba sa jin Mina sosai suka matsa kusa da Umaima tana juya musu. Babu takarda, babu allo. Yara suka zazzauna a kan saiwoyi da duwatsu, kaye a gwiwa, suna saurare, su rubuta kaɗan, su ɗago. Wata yarinya ta ce a dakata, ta tambayi tsohon me ya sa kifin ya ragu, ya ba ta dalili biyu, Ikrima ya ce yana da na uku, aka shiga musu har tsohon ya ajiye komar yana dariya.

Bilkis tana tsaye kusa da mahaifinta, ita ma da ƙaramin littafi a hannu.

"Ke kuma me kike rubutawa?"

"Sunayen kifin, Baba. Inna za ta tambaya."

Da azahar ta yi suka yi sallah a inuwa, aka buɗe kuloli. Tsohon ya ci tare da su, ya ce yajin Zongo ya fi ƙarfinsa, amma ya ƙara. A hanyar dawowa 'yan bas ɗin baya suka ɗauki waƙa, na gaba suka amsa musu ta taga. Malam Nata'ala yana kujerar gaba, ya ce a rage murya sau ɗaya, ba wanda ya ji shi. Kafin su kai kwanar Zongo barci ya ɗauke shi, Bilkis ta zare masa tabarau ta sa a jaka.